Sunana a Jikin Kofin Giya

A ranar Talata, uku ga watan Yuni, da hantsi, Desmond Pickersgill ya tsaya a ƙofar gidana da baro, a cikin baron kuma gangar giya biyu, babba da ƙarama. Daga wannan rana aka fara zaluntata. Tunda har yau ba wanda ya zo ya ce mini in yi haƙuri, zan zayyana abin da ya faru daki-daki, mutanen Aldergill su yi mana alƙalanci.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Wilfred Tennant, shugaban makarantar firamare ta garin nan har na yi ritaya. Rabin magidantan Aldergill sun zauna a gabana da majina a hanci, har da shi Desmond ɗin. Shekarata saba'in da huɗu, giya ba ta taɓa jiƙa leɓena ba. Mahaifina ya yi rantsuwar ƙin giya a majami'armu, ni ma na yi tun ina yaro, kuma duk watan Satumba ni nake hawa in yi wa'azin tunawa da wannan rantsuwa. Ba ni da gona, ba ni da dukiya. Wannan suna shi ne abin da na tara.

"Malam, barka da hantsi," in ji Desmond, yana haki. "Ka ga kofin azurfa na gasar giya ta bana? To, ga shi nan a baro, saura a miƙo mini."

"Ni ganga nake gani, Pickersgill. Kawar da ita daga kan furannina."

"Wannan babbar sunanta Aradu. Malam, in alƙalan nan suka kurɓa, sai sun nemi kujera. Matsalar ɗaya ce, rumfata ta yi zafi kamar gidan burodi, kuma kaf garin nan ba ɗakin ƙasa mai sanyin naka."

"A gidana? Giya?"

"Ai ba sha za ka yi ba. Kwana kawai za ta yi."

"Shaiɗan ma da ya zo wurin Hauwa'u bai ce zai tare ba."

Da don shi ne, da tuni na rufe ƙofa. Amma matarsa Maureen na tsaye a bayansa tana murza gefen riga, kuma Maureen ce ta yi jinyar matata har Allah ya karɓi abarsa. Ta ce, "Baba, ka taimake ni. Tun da ya fara wannan haukar ban ga tsakar kicin ɗina ba." Sai na yarda, bisa sharaɗi guda: kada kowa ya ji. Desmond ya amsa da sauri har da dafa ƙirji. Da na tuna halinsa na aji uku, da wannan saurin ya isa ya sa ni zargi.

Na tambaye shi ƙaramar gangar fa. Ya ce, "Wannan? Ragowar tukunya ce, ruwan wanki. Don dai kada a zubar." Ya tura ta lungu da ƙafa, bai ƙara kallonta ba.

Ko ni da ba na sha na san ƙa'idar giyar ganga, don ba a zama a Aldergill a rasa saninta. Abar da ranta take, yistinta na ciki yana aiki. Ana kwantar da ita a wuri mai sanyi, a ƙyale ta, har laka ta kwanta a gindi, ita kuma ta yi garau. Duk ilimin ke nan: a ƙyale ta. Jariri a garin nan ya san haka. Desmond kuwa ya ce wannan maganar ragwaye ce.

"Malam, kai da ka koya mana kimiyya. Abu mai rai ba ya son motsa jiki? Ko doki aka ɗaure a turke sai ya lalace."

"Na koya maka kimiyya, ban ce ka iya ba."

Kullum da safe sai ya shigo ya mirgina Aradu daga bango zuwa bango, wai atisaye. Da ya ga ta yi shiru sai ya ce yunwa take ji, ya buɗe ta ya ɗura mata sukari. Kashegari ya ƙara da zuma. Ran nan ina karin kumallo na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin kujerata, kofin shayina yana tafiya shi kaɗai a kan tebur. Na sauka na tarar da shi ya rungume ƙaton ƙahon tagullar da yake busawa a ƙungiyar mabusan gari, ya kafa bakin ƙahon a jikin gangar yana hurawa, kumatu kamar za su fashe.

"Me ke nan?"

"Ina tayar mata da yisti, Malam. A ƙasashen da suka ci gaba haka ake yi."

"Wace ƙasa?"

"Sunan ya kwanta mini."

Shige da ficen nan ba zai ɓoyu ba. Enid Dinsdale, wadda take kaɗa mana molon majami'a kuma take riƙe da jadawalin masu wa'azi, tagarta na kallon ƙofata. Ta tare ni a shagon burodi.

"Ɗan'uwa Wilfred, na ga Desmond ya zama ɗan gida."

"Gyara yake yi mini a ɗakin ƙasa," na ce. Ina so a lura, ban faɗi abin da yake gyarawa ba.

"Da ƙaho?"

Ranar Asabar ta biyu abin ya kai ni bango. Kwat ɗina ta zuwa majami'a, baƙa, wadda na goge na rataye a bakin matakalar ɗakin ƙasa don ta sha iska, tana nan lafiya lau har Desmond ya ce Aradu tana son numfashi. Ya zare fegin katakon da ya toshe ramin bayanta. Ban taɓa ganin ruwa ya hau matakala ba sai ran nan. Ya wanke rufi, ya wanke kwat, ya wanke Desmond, wanda ya tsaya yana lasar gemu yana cewa, "Ka ji ƙarfi, Malam? Ka ji ƙarfi?"

Na wanke kwat ɗin da sabulu, na shanya, na fesa turare. Kashegari na hau mumbari, kuma darasin ranar, Allah shaida, a kan Nuhu ne da gonar inabinsa. Majami'a ta yi ɗumi, kwat ta fara magana. Sahun gaba suka soma jan hanci. Wani tsoho da shekara da shekaru bai taɓa farkawa lokacin wa'azi ba ya buɗe ido ya dube ni da fara'a. Enid ta buga waƙar rufewa da sauri kamar ana korar ta.

Daga majami'a gidan Desmond na wuce.

"Pickersgill, fitar da gangarka."

"Haba Malam, saura mako biyu gasa!"

"Ko saura minti biyu ne."

Ya turo Aradu waje yana gunaguni, wai haka ake yi wa masu basira tun farkon duniya. Na sa kwaɗo na kulle ɗakin ƙasa, na jefa makullin a aljihu, na rantse ba mai sake taka matakalar nan. Ƙaramar gangar da ke lungu, ni da shi duk mun manta da ita.

Abin da ya biyo baya duk gari ya gani, ba sai na ƙara gishiri ba. Da farko ya kwantar da Aradu a bahon wankansu, ya kwashe ƙanƙarar shagon mai kifi ya zuba mata. Kwana uku Maureen tana wanka da bokiti, gidan yana ƙarnin kifi. Rana ta huɗu aka jiyo ta har bakin titi: "Ko ni ko gangar nan, Desmond! Zaɓi!" An ce ya tsaya yana tunani, abin da ya jawo masa kwana a rumfa ke nan.

Sai ya ce ai kakanninmu da rafi suke sanyaya giya. Ya ɗaure Aradu da igiyar shanya ya saka ta a rafin bayan gari. Aka kwana ana ruwan sama a kan tudu. Da safe masu jiran bas a kan gada suka ga ganga ta wuce ta ƙarƙashinsu tana juyi, bayanta kuma Desmond cikin rigar barci da takalmin roba yana ihu, "Ku tare ta! Kofi ne ke tafiya!"

"Desmond, ita ma gasar ta tafi?" in ji wani.

"Ka bar ta, ta fi ka sanin hanya!" in ji wani.

A gonar tumakin da ke ƙasan gari aka tsamo ta, bayan ta gaisa da kowane dutse a rafin. Desmond ya dawo da ita a baro, jiƙe sharkaf, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa da gangan ya yi. Wai giyar da ta yi tafiyar ruwa ta fi daɗi, shi ya sa ta zamanin jiragen ruwa ta yi suna. Don kada ƙarfin ya sake tsere masa, ya sami fegi mai tauri ya buga mata da guduma har ya nutse.

Ranar Alhamis kafin gasa, ranar da ake jera ganguna a babban tanti don su huta, na buɗe ɗakin ƙasa neman kwalbar jam ɗin da nake shafa wa burodi, sai ga ƙaramar ganga a lungu, gizo-gizo har ya yi mata saƙa. Raina ya ɓaci. Na ce yau za ta bar gidana. Baro ba ni da shi, ɗauka kuma bayana ba zai iya ba. Abin da ke da taya a kusa shi ne tsohuwar makarar majami'a, wadda makullin ɗakinta ke hannuna. Na mirgina gangar a hankali bisa katako na ɗora, na lulluɓe da baƙin mayafin makarar don kada a gani, na kama hanya.

Makarar nan ba ta san sauri ba, don ba a ƙera ta don shi ba. Taku ɗaya, tsayawa ɗaya. Mazan da ke ƙofar shago suka cire huluna. Mai kai wasiƙu ya sauka daga keke ya sunkuyar da kai. Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, ɗan ƙarami ne ma." Na sunkuyar da kai na ci gaba da turawa.

A bakin tanti na sami Brenda Kearton, mai mashayar garin kuma shugabar gasar, da alli a hannu. Na yaye mayafin.

"Ga kayan mutuminku. Ku ba shi."

Ta dubi gangar, ta dube ni, ta dubi makarar. "Malam, daga ɗakin ƙasan wa ta fito?"

"Nawa, abin takaici."

"Wa ya kula da ita?"

"Ba wanda ya ko kalle ta. Ƙofar a kulle take, makulli na aljihuna."

"Ba a motsa ta ba? Ba a buɗe ba?"

"Na ce miki ba wanda ya taɓa ta."

"Kuma a kan wannan ka kawo ta, a hankali haka?" Ta yi wani murmushi da ban gane ba a lokacin. "Madalla, Malam. Sauka lafiya." Ina juyawa na ji ƙarar alli a jikin ganga. Na ɗauka lamba take sawa.

Ranar Asabar, kamar kowace shekara, ni da Enid muka kafa teburin shayi da kek na majami'a a bakin tanti, don duk wanda Allah ya nufa da shiriya ya sami wurin tsayawa. Daga nan ana ganin komai. Kowace ganga an soka mata famfo tun jiya ko shekaranjiya, ta huce. Aradu kaɗai ke zaune ba famfo, don Desmond ya ce ba za a buɗe ta a ɓoye kamar kayan sata ba, sai a gaban alƙalai.

Alƙalan su uku ne, manyan baƙi daga birni, shugabansu mai gemu har ƙirji. Suna bin layi, su ɗaga tambulan su duba a haske, su shinshina, su kurɓa, su yi rubutu. Da suka iso kan Aradu, Desmond ya fito da farar riga da jan ƙyalle a wuya, ƙahonsa a jingine a gefe don busar nasara.

"Jama'a, ku matso! Ranka ya daɗe, shekara nawa kana alƙalanci? To, yau za ka fara."

Mai gemu ya ɗora tafin hannu a kan gangar, ya janye da sauri. "Maigida, gangar nan kuka take yi. An sassauta mata fegi kuwa?"

"Kuka? Waƙa take yi."

"Desmond, don girman Allah ka sassauta fegin," in ji Brenda, tana ja da baya.

"Uwar ɗaki, ki tsaya kan sayarwa, ki bar wa masu yi yinsu."

Maureen ta zo ta tsaya a bayan teburinmu, ta ɗauki faranti ta kare fuska. "Baba, sunkuya," ta ce.

Ya saita famfo, ya ɗaga guduma, ya juya ya yi wa mai hoton jarida murmushi, ya buga.

Sunan dai ya bi ta. Famfon ya fita ta gabas ya tafi da hular mai gemu. Fegin ya fita ta sama ya huda tanti, ruwan saman da ya taru a rufin tun dare ya sauko wa sauran alƙalan biyu. Abin da ya fito daga gangar kuwa ba zan kira shi giya ba, ko da yake ba fannina ba ne: wani abu ne mai kalar kunun da ya kwana, yana tafe da kumfa yana tsartuwa, ya cika ƙahon Desmond har baki. Karnuka suka watse. Desmond na zaune daɓas a cikin laka, guduma a hannu, kumfa na sauka daga girarsa.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "a ɗan ɗanɗana dai. Na ƙasan ya fi."

Mai gemu ya matse gemunsa kamar tsumma. "Na ɗanɗana, maigida. Ta hanci."

Ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina. Na ce wa Enid, "Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka." Har na zuba wa kaina shayi.

Shayin na hannuna lasifika ta yi gyaran murya. Brenda ce. Ta ce alƙalai sun haɗu a kan cewa shekara da shekaru ba su ga giya mai haske da tsabta irin ta wata 'yar ganga ba, giyar da aka san darajarta aka ƙyale ta ta huta. Ta ce kamar yadda al'adar gasar Aldergill take tun kakanni, kofi ba na wanda ya dafa ba ne, na wanda ya yi reno ne, wato mai ɗakin ƙasan da ganga ta kwanta.

"Zakaran bana," ta ce, "Malam Wilfred Tennant!"

Ina so a rubuta a ajiye: ban san wannan al'ada ba. Ina zan san ta, ni da ban taɓa wuce bakin tantin ba? Desmond kuwa ya san ta sarai. Shi ya sa ya yi saurin yarda kada kowa ya ji, don ya yi reno a ɗakina ya ce a rumfarsa ya yi.

Kafin in ajiye kofin shayi, ƙartin da na koya wa karatu sun ɗaga ni sama. Ina cewa "Ku sauke ni, marasa kunya!" suna cewa "Sai Malam! Ashe ana yi ana ɓoyewa!" Wani ya cusa mini kofin azurfa a hannun dama, wani ya cusa tambulan cike a hagu, mai hoto ya danna. A hoton bakina a buɗe yake. Tsawa nake yi. Jarida ta ce murna ce.

Da aka dire ni, Enid ta riga ta naɗe mayafin tebur.

"Gyara a ɗakin ƙasa," ta ce. "Da makarar majami'a, Ɗan'uwa Wilfred."

Yau ga inda muke. An sassaƙa sunana a jikin kofin, an rataye shi a saman kantar mashaya, tsakanin sunayen mutanen da na yi shekara hamsin ina yi wa addu'ar shiriya. Dattawan majami'a sun ce wa'azin Satumba a ba wani tukuna, har ƙura ta lafa. Magidanta huɗu sun ƙwanƙwasa mini ƙofa da ganguna a baro, ɗaya har yana tambaya ko makarar ma ana haya. Shi kuwa Desmond, maimakon ya ɓuya, yana zaune a mashaya yana cewa duk tsari ne, Aradu ta ɗauke hankali ne kawai, kuma ni da shi mun daɗe muna aiki tare, wai ni ne ma na koya masa.

Abin da na koya masa jadawalin sau ne, shi ma bai wuce sau shida ba.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake yi ba. Brenda Kearton ta sa a kankare sunana daga jikin kofin nan. In wurin ya yi rami, ta cike da nata. Desmond Pickersgill kuma ya zo ƙofar majami'a ranar Lahadi mai zuwa, bayan an tashi, gaban Enid Dinsdale da dattawa da duk wanda ya cire hula don makarar nan, ya faɗa da bakinsa cewa gangar tasa ce, dabarar tasa ce, ƙaryar tasa ce, kuma Malam Tennant bai taɓa kurɓa ba. Daga nan ya wuce mashaya ya maimaita, don can ma akwai masu buƙatar ji. Ya zo ba ƙaho, ba guduma.

Zan tsaya a sahun gaba. Kuma ya ɗaga murya, don na san shi: tun yana aji uku, in laifi nasa ne, a cikin kwalar riga yake magana.